Gwamma a Ƙasar 'Yan Aro

A can zamanin da aljanu ba su fara ɓuya wa mutane ba, an yi wani gari a bakin tafki ana ce masa Tsamiyar Ruwa, inda ba a atishawa. Ba mura, ba tari, ba ƙyanda, ba agana. Yaro sai ya yi wayo har ya fara bin ubansa kamun kifi, bai taɓa ganin majina a hancin kowa ba.

Ba haka garin ya tashi ba. Wata shekara ce ƙyanda ta shigo ta yi ta ɗibar yara har masu haƙa kabari suka gaji. Sai wani boka mai suna Korau ya ɗaura ganga da fatar da ba wanda ya san ta wace dabba ce, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya kaɗa. Mutane suka ga wani abu kamar hayaƙi yana fita daga hancinsu, daga bakin awaki, daga ganyen itatuwa, daga cikin tafki, ya taru a sama ya yi duhu, ya nausa yamma. Korau ya ce waɗannan su ne 'Yan Aro, ƙananan aljanun da ido ba ya gani. Ba su da jikin kansu, sai su ari na wani su hayayyafa a ciki. Ya ce sun tafi ke nan, ba za su dawo ba sai in wani ɗan garin ya je ya ɗauko su da kansa. Aka kwashe da dariya. Wa zai yi wannan hauka?

Ranar nan ba wadda ta kai Gwamma ungozoma rawa. Ƙyandar ta cinye mata 'ya'ya biyu, Tanko da Dije. Autarta Yalwa ce kaɗai ta kwanta ta tashi.

Shekarun farko an sha daɗi. Kwanci tashi, sai tafki ya fara yin kore. Gansakuka ta rufe fuskar ruwa, ta yi kauri har kaza na iya tafiya a kai. Kifi ya riƙa tasowa ciki a sama, wari ya kori mata daga bakin ruwa. Tsutsa ta auka wa gero, ba abin da ke kashe ta, in ta gama da gona sai ta koma kan itatuwa. Duk wannan an daure. Abin da ya karya zuciyar gari shi ne ciki ya daina zama. Mace ta ɗauki ciki, ya fara tasowa, sai ya zube. Gwamma ta duba ta sake dubawa, ta ga mabiyiya ce ba ta kama jikin uwa, kamar shukar da ta ƙi yin saiwa. Askarta ta yankan cibiya ta yi tsatsa a cikin lefe. Korau kuwa tuni ya mutu, an binne shi da gangarsa.

Yalwa ta girma ta yi aure. Ta yi ɓari, ta sake yi, na biyun har sai da aka fid da rai da ita saboda jinin da ta zubar. Ga shi yanzu ta sake ɗauka. Wata safiya ta kama hannun uwarta ta ɗora a mararta.

"Inna, kin ji? Yana motsi."

"Na ji."

"Wannan karon in ya tafi, tare za mu tafi. Jikina ya gaya min."

"Rufe min baki," in ji Gwamma. Amma ita ce ta tsayar da jinin wancan karon, ta san yarinyar gaskiya ta faɗa.

Ta ɗauki tulu da taɓarya ta nufi tafki, don yanzu sai an fasa gansakuka ake samun ruwa. Tana bugawa sai koren ya tsage, wani ƙaton kai ya ɗago, faɗinsa ya kai ƙofar zaure. Tarwaɗa ce, gashin bakinta ya yi fari fat don tsufa, tana numfashi da ƙyar. Gwamma ta yar da taɓarya za ta gudu, sai ta ji murya kamar ana magana a cikin rijiya.

"Ya ke 'yar Adam, mai karɓar baƙin duniya, tsaya ki ji. Ni ce Kakar Tarwaɗa, na riga garinku zuwa wannan wuri. Kun kori masu yi min shara. Da, kullum 'Yan Aro na shiga cikin koren nan su farfasa shi, ya narke ya ciyar da ƙananan halittu, su kuma su ciyar da 'ya'yana. Yau ga shi yana shaƙe ni. Kuma wanda ke ɗaure ɗa a cikin uwarsa, shi ma ɗan Aro ne, tsohon baƙon da ya daɗe a jikinku har kuka manta baƙo ne. Ganga ba ta san tsoho da sabo ba."

Gwamma ta ce, "Su suka kashe min 'ya'ya."

"Su ne. Ai ban ce miki mutanen kirki ne ba. Na ce ba ku iya zama ba tare da su ba."

Ta koma gida ba ruwa a tulu, ta gaya wa mijinta Nomau, tsohon masunci da komarsa ta ruɓe don rashin aiki, cewa za ta je ta ɗauko 'Yan Aro. 

"Gwamma, kin san abin da za ki ɗauko?"

"Na sani, Malam. Ni na yi wa su Tanko wankan gawa."

 Ya shiga ɗaki ya ɗauko mata goransa na ruwa, ya raka ta har bakin tafki.

Kakar Tarwaɗa ta ce wa Gwamma ta kama gashin bakinta da kyau. "Abu ɗaya zan gaya miki. Duk wanda ya roƙe ki masauki a hanya, kada ki ba shi, sai kin tsaya gaban Magajiyar 'Yan Aro." Suka nutse. Gwamma ta ga duhu, ta ga kore, ta ga wani ja kamar jini, sai ta tsinci kanta kwance a bakin wani gulbi, a ƙasar da rana ke tsaye a yamma, ba ta faɗuwa ba ta tashi.

Ta miƙe ta kama hanya, ta shiga wani kurmi mai dogayen itatuwa. Ko'ina tsutsotsi ne, kowace ta kai girman akuya, kuma duk hawa sama suke, suna waƙa da murya mai daɗi. Wadda ta kai ƙololuwa sai ta rataye kanta a reshe, ta kumbura, ta narke, ta zubo kamar yayyafi a kan na ƙasa. Duk wadda yayyafin ya taɓa sai ta bar cin ganye, ita ma ta kama waƙa ta fara hawa. Gwamma ta tare ɗaya.

"Baiwar Allah, ba ki ga abin da ke samun 'yan'uwanki a sama ba?"

"Na gani," in ji tsutsar, idonta na ƙyalli. "Amma sama nake so. Ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son sama ba."

Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin tsutsar, daban da tata. "Ba ita ke so ba, mu ke so. Daga sama yayyafi ya fi nisa."

Kafin Gwamma ta ja da baya, ɗigo ya sauka a wuyanta. Ta ji sanyi na yawo a fatarta kamar ana laluben ƙofa a duhu. Ta rungume wani kututture don kada ƙafafunta su ɗauke ta. Can sai ta ji muryoyin suna gunaguni. "Wannan ƙofa ba tamu ba ce. Mabuɗinmu bai shiga. Wuce, 'yar Adam." Ta saki kututturen ta wuce. Da ta kai ƙarshen kurmin ta waiwaya, ta ga a gefen da tsutsotsin suka mutu, itatuwa sun sake toho, kore shar, irin wanda rabon da ta gani tun Yalwa na yarinya.

Daga nan ta gangara wani kwari mai jajayen duwatsu. Ba ta yi nisa ba sai ta ji haushi ta ko'ina. Karnuka ne, kumfa na zuba daga bakinsu, suna cizon duwatsu, suna cizon juna. Suka yo kanta. Ta sheƙa da gudu irin wanda ba ta san tsohuwa na iya yi ba, zaninta ya maƙale a ƙaya ta fizge, ta faɗa cikin wani rafi har ƙugu. Karnukan suka tsaya cak a bakin ruwa, suna kuka, ko ɗaya bai iya taɓa shi ba. Babbansu, wani baƙi mai farin ƙirji, ya matso ya dube ta, hawaye na bin fuskarsa.

"Ya ke mace, kada ki fito. Ni ne sarkin wannan kwari, na yi gadin 'ya'yan mutane ban taɓa cizon ko ɗaya ba. Yanzu mahayina na zaune a kaina, ya cika min baki da 'ya'yansa, ya hana ni haɗiye ko yawu don kada su tafi ciki a banza. Ƙishirwa na kashe ni, ga ruwa ina tsoronsa. In kika fito zan cije ki, kuma zan ji daɗin cizon. Bi rafin nan, kada ki taka ƙasa sai kin daina jin muryarmu."

Gwamma ta bi ruwan, duwatsu na yanka mata ƙafa, karnuka na bin ta ta gefe, har suka gaji suka zube. Tana tafe tana tambayar kanta, waɗannan ne zan kai gidana? Sau da yawa ta tsaya za ta juya, sai ta tuna da hannunta a marar Yalwa.

Rafin ya kai ta ƙofar wani birni mai ganuwa, ƙofar a buɗe. A saman ƙofar wani ungulu na zaune, ya rame kamar kara.

"Ina ne nan?" ta tambaye shi.

"Birnin Gaggawa. Wata zuriya ta 'Yan Aro ta sauka a nan, masu zafin nama. In suka shiga mutum da safe, kafin la'asar ya mutu. Suna alfahari ba wanda ya kai su. Suka cinye birnin kaf, ba su bar ko jariri ba. Da suka waiwaya, babu sauran gidan aro. Ga su can suna jira. Hanyarki ta tsakiyarsu ta bi, babu wata."

Ta shiga. Kasuwa na nan, rumfuna na nan, tukwane a kan murhu, ba kowa. A kan tabarmi, a bakin randuna, a jikin ƙofofi, wata farar toka ce kwance. Tana wucewa tokar na motsi, tana raɗa.

"Ki ba mu masauki. Kwana ɗaya kawai. Mun tuba, mun koyi haƙuri."

Ta ja mayafi ta rufe hanci da baki, ta ƙara sauri. Sai ta ji muryar da ta tsayar da ita kamar an dasa ta.

"Inna, ƙishi nake ji."

Muryar Dije ce, yadda take a ranarta ta ƙarshe. Daga wata randa kuma muryar Tanko ta ce, "Inna, buɗe fuskarki mu gan ki. Me ya sa kike ɓoye mana?"

 Hannunta ya tafi da kansa ya kama bakin mayafin. Ta san ƙarya ne, ta san da hannunta ta naɗe su a likkafani, amma kunnen uwa ba ya jin wannan hujja. Ta cije leɓenta har jini ya fito, ta toshe kunnuwa, ta runtse ido ta yi ta gudu tana karo da bango, muryoyin na bin ta suna kuka, har ta fita ta ƙofar yamma ta faɗi a ƙasa. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne su.

Da ta ɗago kai sai ta ga wata kuka a gabanta, girmanta ya kai gari, da kogo a gindinta. Ta shiga. Ciki cike yake da halittu a zaune sahu-sahu, jemagu a rataye a sama, agwagi, birai, awaki, ɓeraye, har da sauro a jikin bango. A tsakiya ga karaga, ba kowa a kai. Gwamma ta durƙusa ta gaida karagar.

"Ranki ya daɗe, ina neman Magajiyar 'Yan Aro."

Wani jemage ya buɗe baki, muryar mace ta fito, mai nauyi. "Ga ni, ya ke 'yar garin da ya kore mu da ganga." Jemagen ya yi shiru, sai wata agwagwa ta ɗora da muryar da ta ɗan sauya. "Kada ki nemi fuskata, ba ni da ita. Da bakin aro nake magana, kuma duk bakin da na shiga sai ya canza ni." Sai biri ya ƙarasa. "Faɗi buƙatarki."

Gwamma ta faɗi komai, tafki da gero da cikin Yalwa. Sannan ta ce, "Allah ya ja zamaninki, ki ba ni na tafki, da na tsutsa, da mai ɗaure ɗa a ciki. Sauran ki riƙe abinki. Na ƙyanda da na karnuka da na birnin can, ba ma so."

Kogon ya ɗauki dariya daga bakuna dubu.

"Kin ɗauka kasuwa kika zo?" in ji Magajiya ta bakin akuya. "Mai ɗaure ɗan da kike so, kakansa makashi ne. Ya kashe kakanninki har ya gaji, ya kwanta a jikinsu ya yi barci, jikinsu ya sa shi aiki. Mu kwaikwayon iyayenmu muke yi in za mu haihu, kuma ba mu taɓa yi daidai ba. Mai sanyi na haifar mai zafi, mai zafi na haifar mai sanyi. Ko da na tsince miki yau, gobe sun haifi abin da kika ƙi. In kika buɗe ƙofa, kowa zai shiga. Na karnuka ma zai bi sawunki a ranar da ya ga dama."

"To ki yi musu doka. Na ga Birnin Gaggawa da idona. In kuka cinye mu, ku ma toka za ku zama."

 Ɓera ne ya amsa, a hankali. "Kin faɗi gaskiya, amma ba ni da sandar da zan hana su. Wanda ya rushe gidansa kafin ya sami wani, ya mutu tare da shi. Wanda ya bar mai gida yana tafiya yana gaisawa da mutane, jikokinsa su cika duniya. Wannan ita ce dokarmu, kuma ba a koyonta sai a kan gawarwaki. Wani lokaci ma mai zafin ne ke riga kowa samun sabon gida. Ba zan yi miki alkawarin da ba na iya cikawa ba."

Gwamma ta tambaya, "Su wa za su mutu?"

"Ban san sunaye ba. Wanda ya taɓa karo da mu ya tashi, jikinsa na riƙe da kamanninmu, yakan gane mu tun daga ƙofa, sai in mun sauya da yawa. Yaran da aka haifa bayan ganga ba su san mu ba. Tsofaffi kuma ƙarfinsu ya ragu. Haɗuwar farko za ta yi zafi. Wanda ya wuce ta, ya fi ubansa ƙarfi, mu kuma mu sake shiri. Haka muke da ku tun farkon duniya, kuna gyara mu, muna gyara ku, ba wanda ya gama da wani."

"In kuma na koma hannu rabbana?"

"Ba wanda zai yi zazzaɓi. Za ku tsufa lafiya lau, na ƙarshenku ya rasa mai binne shi."

Gaba kura, baya sayaki. Gwamma ta daɗe a durƙushe. Ta tuna yaran ƙarshe da ta karɓa, ta san sunan kowanne da ranar da ta yanke masa cibiya. Ta tuna Yalwa. Daga ƙarshe ta ce, "Na ɗauka. Amma ba zan shiga da ku a ɓoye ba, sai na gaya musu."

"Wannan tsakaninki da su ne," in ji Magajiya. "Ba mu da ƙafa, sai an ɗauke mu. Kawo goranki."

Aka zuba na tafki a goran Nomau, aka ƙunshe na tsutsa a ganye. Sannan dukan halittun kogon suka juyo suka hura mata numfashi a fuska, da mai ɗaure ɗa da masu kisa duk a cikinsa. Ta ji zafi ya bi hancinta ya sauka ƙirji. Ta rufe ido, da ta buɗe sai ga ta a bayan garin Tsamiyar Ruwa, da hantsi, kanta na sarawa.

Ta tsaya nesa da gidaje ta yi ta kira har mutane suka taru, Maigari Dogara a gaba. Ta ɗaga hannu ta hana su matsowa. Ta gaya musu inda ta je, da abin da ke jikinta, da abin da zai biyo baya, ba ta rage komai ba.

Wuri ya kaure. Wasu suka ce a ƙone ta, wasu suka ce ai dama mutuwar ce suke yi a tsaye. Wata mata mai suna Kuluwa ta kutso gaba riƙe da hannun ɗanta Mati, wanda shi ne jariri na ƙarshe da aka haifa a garin.

"Iya Gwamma, ke kika karɓe shi! Shi ke nan gare ni. Don jikanki ya rayu za ki kashe min nawa?"

"Ba jikana kaɗai ba, Kuluwa."

"Amma da 'yarki ba ta da ciki, da kin je?"

Gwamma ta kau da kai. Kuluwa ta sunkuya ta ɗauki dutse ta jefe ta, ya fasa mata goshi.

Maigari ya ce, "Ba zan ce ki shigo ba, ba zan ce ki tafi ba. Wannan magana ta fi ƙarfin rawanina." Aka yi cirko-cirko, rana na ƙara zafi, Gwamma na tangaɗi don zazzaɓi. Sai Nomau ya fito daga cikin taro da ƙwaryar ruwa a hannu. Yana tafiya a hankali, ana kiransa bai waiwaya ba.

"Malam, tsaya nan. Kai tsoho ne."

"Na ji abin da kika ce, kunnena ƙalau." Ya durƙusa ya wanke mata goshi, ya ba ta ruwa ta sha. Sannan ya juya ya fuskanci mutane. "Ga ni na taɓa ta. Wanda ke tsoro ya kwashi iyalinsa ya koma tudu, ba laifi ya yi ba. Ni dai na gaji da garin da ba a bikin suna."

Wasu suka kwashi kaya suka tafi, da yawa suka zauna. Kuluwa ta ɗauki Mati ta hau tudu. Amma cutar ba ta san iyakar gona ba.

Gwamma ta juye goran a tafki, ta watsa ƙunshin a gonaki, sannan ta kwanta. Da ta tashi daga jinya gari ya riga ya kama. Mura ta fara, tari ya biyo, ƙyanda ta zo a ƙarshe ta bi yara gida-gida. Ta ɗaura zani ta yi ta yawo tana jiƙa tsumma tana ɗora wa masu zazzaɓi, inda aka bar ta ta shiga. Da yawa sun tashi. Wasu ba su tashi ba. Tari ya sauka wa Nomau a ƙirji, ya mutu kansa a cinyarta, yana tambaya ko ruwan ya fara washewa. Ta ce masa ya fara, kuma gaskiya ne, don ranar an ga sama a cikin tafki. Mati ya rasu a tudu bayansa da kaɗan.

Damina ta zo, tsutsotsi suka hau kan karan gero suka narke, aka yi girbi. Kifi ya dawo. Yalwa ta yi zazzaɓi mai sauƙi ta warke, cikinta ya zauna, ta haifi 'ya mace mai ƙarar murya. Gwamma ta wasa askarta ta yanke cibiya, ta riƙe mabiyiyar a hannu tana kallo, ja ce cikakkiya, ba ta san ko godiya za ta yi mata ko tsinuwa ba. Aka yi suna, amma rabin gari bai zo ba. In Gwamma ta bi ta wata unguwar, sai mata su janye 'ya'yansu su shige gida. Ba ta ga laifinsu ba.

Wata la'asar tana zaune tana tsince wake, sai aka yi sallama. Kuluwa ce a bakin ƙofa, ta rame, mayafinta bai iya ɓoye cikin da ya fito ba. Ba ta gaishe ta ba, ba ta kuma shigo ba.

"Ban yafe miki ba," ta ce. "Kada ki ɗauka na yafe."

"Ban nema ba, Kuluwa."

Kuluwa ta kau da kai ta dubi bango. Muryarta ta yi ƙasa. "Tun jiya bayana ke ciwo. Tsoro nake ji. Ba kowa sai ke."

Gwamma ta ajiye faifan wake, ta wanke hannu, ta ɗauki lefenta. Kuluwa ta juya ta yi gaba, ita kuma ta bi ta a baya, ta bar tazara a tsakaninsu, har suka isa gidan.